Kwalbar Shekarar Hikma

Ziblim bai taɓa shan giya ba, ko ɗigo, amma akwai kwalba guda kwance a ƙarƙashin benen gidansa na Small Heath, naɗe cikin zanen matarsa marigayiya. Mutumin Tamale ne, can ƙasar Ghana. Kafin ya zo Birmingham ya kama tuƙin bas, ya daɗe yana aikin inabi a wani kwari can arewacin Italiya, inda gonaki ke manne a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala. Tarakta ba ta hawa wurin, jaki ma sai ya yi shawara. Mutum ne ke goya kwando ya sauko da shi, kuma can Ziblim ya baro gwiwoyinsa.

Mutanen kwarin ba sa matse inabi da an tsinko shi. Sai su shanya shi a rumfa har sanyi ya shigo ya yamushe, sannan a matse, a zuba a ganga, a manta da shi shekaru. In an yi wa mutum haihuwa kuwa, akan ajiye masa kwalba daga amfanin shekarar, a kwantar da ita a wuri mai duhu, ba mai taɓa ta sai ranar auren yaron. 'Yarsa Hikma tana tatata lokacin da giyar shekararta ta fito daga ganga. Tsohon mai gonar ya hau har inda Ziblim yake aiki ya miƙa masa ɗaya, ya san sarai ba ya sha. A duk zamansa a ƙasar, ranar ce kaɗai wani ya ɗauke shi uba kamar kowane uba.

Hikma ta girma, ta shiga jami'a a Aston, ta haɗu da Umair, ɗan Dokta Sunusi, wani likita Bakano da ke zaune a Manchester. Ziblim ba shi da wa ko ƙane a ƙasar, don haka shi zai zama waliyyinta. Abin da yake so ke nan a duniya: ya zauna gaban liman, a tambaye shi, ya ce ya bayar. Har babbar riga ya aika a ɗinko masa daga gida.

Ranar da iyayen Umair suka zo gaisuwa, Hajiya Ruƙayya ta ɗosana a bakin kujera, ba ta ajiye jakarta ba. Wake da shinkafar da Ziblim ya wuni yana dafawa ko kallo bai ishe ta ba. Dokta ne mai fara'a, irin fara'ar da ke sa mutum ya saki baki. Ya tambayi Ziblim abin da ya yi a Italiya. Da ya ce noma ya yi shiru, da an tashi lafiya. Amma wanda ya daɗe ba a tambaye shi labarinsa ba, in an tambaye shi ba ya sanin inda zai tsaya. Ya bayar da labarin dutsen, da kwandon, da rumfar shanya. Sannan, bawan Allah, ya tashi ya ɗauko kwalbar don ya nuna musu hoton gonar da ke jikinta.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe hanci. Dokta ya karɓa, ya juya ta a hankali, ya karanta sunan ba gargada ko kaɗan.

"Malam Ziblim," ya ce, "ashe da gumin wannan aka raini yarinyar?"

Ziblim ya shiga rantsuwa cewa bai taɓa kai ta baki ba. Dokta ya ce ya yarda, amma irin wannan ba ta kwana a gidan Musulmi, shi zai tafi da ita ya zubar. Ziblim ya miƙa, har da zanen, yana godiya.

Daga nan shiru. Hikma ta daina cin abinci da shi, in ya shigo falo ta haye sama. A masallaci kuma ya lura sahu yana ɗan buɗewa a gefensa, don Hajiya ba ta bar wayar kowa ta huta ba. Da abin ya ishe shi, wata Asabar da Hikma ta ce za ta wurin ƙawarta, ya hau mota zuwa Old Trafford, unguwar su Dokta a Manchester, don ya ba da haƙuri.

A tsaye Dokta ya bar shi, wajen da ake cire takalma. Ziblim ya tambaya ko an zubar. Dokta ya yi dariya, ya ce ai asara ce. Shugabar sashensu a asibiti, Catherine, ta yi ritaya, ita ya kai wa, kuma ta yi murna ƙwarai, ta ce irinta wuyar samu gare ta. Bai ji kunyar faɗa ba, ko ƙifta ido bai yi ba. Sannan ya ce aure yana nan, ba za su hukunta yarinya da laifin ubanta ba. Sai dai wani aminin shi Doktan ne zai yi waliyyi, shi kuma Ziblim ya fi masa mutunci kada a gan shi a wurin.

Zuciyar Ziblim ta yi baƙi ƙirin. Ya ce 'yarsa ba za ta taɓa yarda da wannan ba.

Dokta ya juya ya yi kira. Hikma ta fito daga falo da sabon leshi a kafaɗa, da alama zaɓen kayan biki suke yi da Hajiya. Ba ta kalli fuskarsa ba.

"Baba, please," ta ce. "Rana ɗaya ce kawai. Na riga na faɗa wa friends ɗina kana Ghana."

"Kada ka ga laifina, Malam," in ji Dokta. "Ita ta kawo shawarar."

Ziblim ya tsaya yana jira ta ce ƙarya ne. Ta ciro waya, ta tambaye shi ko ta yi masa booking ɗin motar komawa.