Inda Na Kafa Hauya

Shekarar da gwiwoyin Baba suka gaza, ciyawa ta kusa cinye mana gero. Gonarmu ta gandu babba ce, daga bakin rafi har gindin gawon da ke hanyar Yargalma. Da can Baba da yayana Muntari da ni muke nome ta. Sai Muntari ya tafi haƙar zinariya Bagega, ni ma na bi shi.

Inna ce ta aiko na dawo, wai Baba zai yi gayya. Ta dama fura a manyan ƙore, aka yanka akuyarta. Baba ya raba goro gida-gida, ya kira makaɗi.

Hantsi ya yi muna tsaye bakin gona, makaɗi na ta gwada ganga. Tsofaffi kaɗai suka zo, sa'annin Baba. Can na hango Abdulbasit, ɗan Makau maƙwabcinmu, zai wuce da hauya a kafaɗa.

Na ce, "Abdulbasit, goro bai iso muku ba?"

"Ya iso, mun ma ci. Kai Naziru, gayyar wa ka zo bara? Ranar tamu kana ina, cikin rami?"

"Ai Baba ya je."

"Ya je, ya zauna inuwa ya yi muna addu'a. Mu ma ga tsohonmu nan mun turo, shi yi muku."

Ya wuce abinsa.

Tsofaffin suka duƙa. Makau yana noma yana tsokanar Baba, wai kunyarsa ta karkace kamar bayansa. Ba wanda ya yi dariya sosai. Kafin azahar duk sun zube gindin tsamiya, abin da suka nome bai kai faɗin tsakar gidanmu ba. Fura ta fara tsami. Makaɗi ya rataya gangarsa ya tafi.

Baba ya miƙo min hauyarsa.

"Karɓi. Yi ta tafiya. Inda ka san kana iya nomewa kai ɗaya, bana da baɗi, ka kafa ta nan. Kada ka yi mani ƙarya."

Na shiga cikin geron, ciyawa har gwiwa. Na so in kai gawon, wallahi na so. Amma ƙafata ta tsaya tun ban kai rabin rabi ba. Na kafa hauyar, na kasa waiwayowa.

Na ji muryar Baba a bayana. "Makau, daga hauyar can har gawo, ɗiyanka su noma. Aro ne."

Makau ya dubi inda hauyar take. Shi ma ya san gonar da aka ara wa gida mai samari da wuya ta dawo.

"Muntari fa?" in ji shi.

"Shi ma an aika mai," Baba ya ce.

Ya dafa sandarsa ya nufi gida. Na zare hauyar, na duƙa, na fara nomowa baya wajen rafi.