Dutsen da Bai Taɓa Jiƙewa Ba

Ni Lai'atu 'yar Riyom ce, a cikin duwatsu na girma. Shi ya sa ranar da Cikgu Hashim, wato Malam Hashim, tsohon da ke koyar da zanen fentin mai a saman wani kedai, wato shago, a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, ya ba ni hoton teku na dukan duwatsu ya ce in kwaikwaya, na yi dariya a raina. Ruwan ne zai ba ni wahala, amma dutse ai na gida ne.

Dokarsa ɗaya ce. Sai ka kwaikwayi aikin wani gwani da ya daɗe da rasuwa har shi Cikgu ya gamsu, sannan ya sa sunanka cikin masu zuwa bakin teku a ƙarshen wata su zana da idonsu. Ni kuwa shekara biyu ina Kuala Lumpur, daga ɗakin gwaji sai gida, tekun ma ta tagar jirgi kawai na taɓa hango shi. Ina son tafiyar nan ƙwarai.

Asabar uku ina fama. Ruwan da nake tsoro ya ba da kai, har kumfarsa ta fito. Amma duk sanda Cikgu ya tsaya a bayana sai ya miƙo mini 'yar wuƙar kankare fenti.

"Ruwa boleh," in ji shi, wato ruwan ya yi. "Dutse, kankare lah."

Raina ya ɓaci. Na ɗauki hoton zanen a waya na nuna wa Purity, wadda muke ɗaki ɗaya, 'yar Kafanchan mai bakin tsiya. Ta duba, ta kwashe da dariya har ta ajiye shinkafar da ta yo tapau, wato ta sayo a ƙunshe.

"Sister, wannan ai hanyar Jos ce ambaliya ta ci. Saura akuya kawai a samansa."

Gaskiya ta faɗa. Duwatsun gwanin baƙaƙe ne masu kaifi. Nawa kuwa mulmulallu, ruwan toka, wani a kan wani. Idona yana kan hoton, hannuna yana gida.

Asabar ta huɗu Cikgu bai ba ni wuƙa ba. Ya ciro wani dutse daga tukunyar fulawa, ya ɗora a gabana, ya tsiyaya masa ruwan kofinsa. Nan take dutsen ya yi duhu, gefe ɗaya ya ɗauki ƙyalli.

"Naki bai taɓa jiƙewa ba," ya ce. "Fara da duhu, siriri. Haske sai a ƙarshe, kaɗan."

Na bi maganarsa, ina ƙunƙuni. Na shimfiɗa baƙi-baƙi da ruwan ƙasa, na bar shi mako guda, don fentin mai a damshin garin nan ba ya gaggawar bushewa. Da na dawo na karya gefunan da wuƙa, na ɗiga fari wuri uku kacal. Hannuna ya so ya mulmula ƙusurwa ɗaya, na hana shi.

Cikgu ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauki biro ya ƙara sunana a takardar da ke jikin ƙofa, ya ce in zo da hula don rana.

A tashar jirgin ƙasa na LRT na kasa haƙuri, na kira Mama ta bidiyo. Ta fito daga girki tana goge hannu a zani. Na ɗaga mata zanen.

"Mama, duba abin da na yi."

Ta matso da fuskarta har goshinta ya cika wayar.

"Ya yi kyau, 'yata. Amma wannan wane irin dutse ne? Ban san shi ba."

Daɗi ya kama ni, kewar gida kuma ta biyo baya a lokaci guda.

"Nima ban san shi ba tukuna, Mama," na ce. "Ran Asabar za mu gaisa da shi."