Tulin da ke Bayan Ɗakin Ƙere-ƙere

Ranar farko ta sabon darasin, malamar da ake kira Dakta ko allo ba ta kalla ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwalin safar hannu, ta ce, "Kowa ya ɗauka ya biyo ni."

Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a sashen injiniya, ta bi sahun 'yan ajinsu. Suka zagaya bayan ɗakin ƙere-ƙere, inda ba wanda ke zuwa. Dakta ta tura wata ƙofar kwano da ƙafa.

Tuli ne da ya fi tsayin mutum: fankoki, fasassun allunan sola, wayoyi a cukurkuɗe, batura sun kumbura sun fashe. Wani farin ruwa ya tsiyaye daga ƙasan tulin ya gangara kwata, ciyawar wurin duk ta ƙone.

"Wannan bolar ta su wa ce?" in ji Dogo, shugaban aji, yana toshe hanci.

"Taku ce," Dakta ta ce. "Ayyukan kammala karatun yayyenku ne. Duk abin da aka tafa wa a zauren taro, nan ya ƙare."

Auta na cikin kallo sai idonta ya faɗa kan wani shuɗin akwati. Injin tace ruwa ne mai aiki da hasken rana, wanda yayanta ya ƙera har ya zo na ɗaya a shekararsu. Har gobe Mama ba ta barin baƙo ya tashi bai ji labarinsa ba. Ga rubutun Yaya a gefe, tsatsa ta ci rabinsa.

Ta ciro waya ta kira shi. "Yaya, ina injinka yake?"

"Yana ofishin shugaban sashe mana, cikin gilashi. Lafiya?"

Ta ɗauki hoto ta tura masa.

"Auta... nawa ne wannan? A bola?" in ji Yaya. "Ai in ma ya tsaya, baturi ne kawai. Me ya hana a canza?"

Dakta, da ke jin su, ta miƙo mata sukundireba. "Bismillah, canza masa."

Auta ta juya akwatin sama da ƙasa tana neman inda za ta kwance. Babu noti ko ɗaya. An liƙe ko'ina da gam don ya yi sumul, baturin kuma yana can ciki an binne shi.

"Ba ya buɗuwa, Yaya," ta ce a hankali.

Dakta ta juya ga aji. "Ba laifinsa kaɗai ba ne, mu muka ba shi maki. Mun tambaye shi ko yana aiki, ba mu tambaye shi ranar da ya lalace wa zai gyara, ko ina zai je ba. Bana ba mai sayen sabon kaya. Daga nan za ku ɗiba, kuma duk abin da kuka haɗa sai wani ya iya kwance shi ba tare da guduma ba."

"Daga bola, Dakta?" Dogo ya zaro ido. Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Asabar Yaya ya zo da kansa, da guduma da kurfi. Shi da Auta suka yini suna fasa akwatin. Ƙaramin famfo kaɗai ya fito lafiya, sauran duk sun farfashe a hannunsu. Ya zauna a ƙasa yana jujjuya famfon, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Dakta ta leƙo tana shirin tafiya gida. Ya miƙe da sauri ya gaishe ta.

"Ranki ya daɗe, darasin nan ranar me ake yinsa?"

"Talata da safe," ta ce. "Akwai kujera a baya, amma ba na jiran mai latti."