Ƙararrawar Sista Filomena

Garzali direba ne a Doha, kuma a ɗakinsu na unguwar Old Airport babu mai kai shi cika baki, amma ranar Juma'ar nan tun safe ya kasa zaune ya kasa tsaye. 'Yarsa Nasira ta ci jarrabawar shiga sakandaren 'yan Katolika ta Kurmin Gwaza, wadda duk yankinsu babu kamarta, sai shugabar makarantar ta ce tana son ganin uban yarinyar ta bidiyo.

Shugabar kuwa Sista Filomena ce, kuma a hannunta Garzali ya yi karatu. Shi ne ja'irin da ya gaji da tashin asuba, ya kwance ƙararrawar makaranta ya gangara da ita rijiya. Ƙararrawar ma wace iri, tsohon wilin mota ne rataye a bishiyar ɗorawa. Wata uku ɗalibai na shan ruwa mai ɗanɗanon tsatsa, ba a kama kowa ba. Yanzu ga shi shekara ashirin da biyu, yana tsoron alhakin wili ya hana 'yarsa karatu.

Muttaka, abokin ɗakinsa, ya ara masa baƙin tabarau da rawanin Larabawa.

"Ko gyatumarka ba za ta shaida ka ba, mutumina. Yalla, maza ɗauki wayar."

Fuskar Sista ta cika waya. Ta tsufa, amma idon nan na nan.

"Garzali Auta," ta ce, "cire tarkacen nan, kuma ka miƙe in kana magana da ni."

Ya miƙe zumbur, kansa ya daki gadon sama. Muttaka ya cusa fuska a matashi yana ta kyarma don dariya.

"Akwai maganar da za mu yi kafin yarinyar nan ta shigo makarantata."

Shi ke nan, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tausayin Nasira ya kama shi, yarinyar da ta kwashe shekara tana karatu da fitilar waya.

"Sista, ni ne. Ni na jefa ƙararrawar a rijiya. Don Allah kada laifina ya shafi yarinya, ita ba ta gado ni ba."

Sista ta ƙura masa ido.

"Ashe kai ne," ta ce a hankali. "Ni maganar azumi zan yi maka. Muna dafa wa 'yan mata Musulmi sahur, sai na ce bari in tambayi abin da take ci."

Ta ɗan juya wayar. Ga Nasira zaune kusa da ita, baki buɗe, ga kuma uwarta Hajjo ta toshe dariya da mayafi.

"Baba, rijiya?" in ji Nasira.

Garzali ya kawar da kai daga wayar.

"Yarinya dai mun ɗauke ta tun makon jiya," in ji Sista. "Yaushe za ka zo hutu?"

"Watan takwas, Sista."

"Madalla, lokacin ciyawa ta yi tsawo. Ka zo da laujenka, filin ƙwallo gabas da yamma naka ne."

Garzali, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, ya mayar da hannu ɗaya baya kamar ɗan makaranta.

"To, Sista. Ƙarfe nawa?"