Mariƙin da Na Liƙa da Gam

Ranar da zan sayar da ɗakin sanyin da nake ajiye kifi, na liƙa mariƙin ƙofar na ciki da gam. Tun bara ya karye, kuma ba na son a rage min ko sisi.

Mai sayen ya zo da wani tsohon makanike don ya yi masa kima. Mai sayen ya tsaya a waje yana waya. Tsohon ya saurari injin, ya ce min, "Mu shiga, ɗana. In an rufe ƙofa haske ya shigo, robar bakin ƙofar ta mutu."

Kafin in buɗe baki ya ja ƙofar. Duhu ya rufe mu, fanka na hura min sanyi a ƙeya.

"Roba lafiya lau," in ji shi. Sai na ji ƙas! Mariƙin ya biyo hannunsa.

Na yi ta dukan ƙofar ina salati, har mai sayen ya gama wayarsa ya buɗe.

Tsohon ya shinshina mariƙin, ya damƙa min a hannu.

"Mu biyu ne, kuma da mutum a waje," ya ce a hankali. "Matar mai sayen nan ita kaɗai za ta riƙa shiga."