Cigiyar Auta

Mai aski ne, ya yi shekara da shekaru yana riƙe haɓar mutane yana juya kawunansu, amma da zarar mutum ya tashi daga kujera ya fita, shi ke nan, ya tafi da fuskarsa. In ya dawo zai gane shi sarai, har ya tuna irin askin da yake so. Amma a ce masa ya rufe ido ya hango wane, to duhu ne kawai. Ya daɗe yana zaton kowa haka yake, yana ɗaukar "ina ganinta a zuciyata" a matsayin daɗin baki. Sai bayan aurensa, ranar da matarsa ta lumshe ido tana zana masa ɗakin kakarta har da launin labule, ya gane an yi rabon wani abu ba ya nan. Bai gaya mata ba. Ta ina zai fara? Kunyar abin yake ji kamar wanda ya yi sata.

Ranar da asirin ya tashi tonuwa kuwa, bai zaɓi gaban kowa ba sai gaban surukarsa.

Ya je tashar jirgin ƙasa tarbo ta, ya tafi da Auta, 'yarsa mai shekara biyar, don ta kafe sai ta ga kakarta. Jirgi ya tsaya, jama'a suka yi ta ɓulɓulowa, ya saki hannun yarinyar don ya karɓi jakar tsohuwa ya gaishe ta yadda ya kamata. Ko da ya ɗago, babu Auta babu dalilinta.

Ya duba bayan benci, ya leƙa layin masu sayen tikiti, ya ƙwala kira har muryarsa ta dishe. Ya zaro waya don ya nuna wa mutane hotonta, ashe caji ya ƙare. Surukar ce ta ce su je ofishin cigiya.

Ɗaki ne ɗan ƙarami, da fanka mai ƙara da lasifika a kan tebur. Jami'in da ke ciki ya jawo kujera ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Wane irin kaya ne a jikinta?"

Shi ya sa mata kayan da hannunsa da safe. Ya san riga ce, ya san maɓallinta ya ba shi wahala. Ya runtse ido ya nemi launin, bai samu komai ba.

"To bar kayan. Yaya kamanninta?"

"Tana da giɓi a haƙoran sama," ya ce. "Tana... mutane suna cewa da uwarta take kama."

"Madalla. Uwar tata yaya take?"

Matar da yake kwana yake tashi da ita, wadda ko tarinta ya ji a cikin taro zai gane, ga uwar da ta haife ta tsaye a gefensa tana jiran jin yadda zai kwatanta ta. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Bawan Allah, anya 'yarka ce kuwa?" in ji jami'in, ya ajiye biron.

"Jikata ce, kuma wannan ubanta ne," surukar ta ce a daƙile. Ganin da ta yi wa yarinyar bai wuce na gaisuwa ba, amma ta lumshe ido ta jero komai: shuɗiyar riga mai fararen furanni, doguwar fuska, manyan idanu, ɗan tabo a gira. Lasifika ta ɗauka ta watsa wa tasha duka, shi kuwa yana tsaye yana jin kamannin 'yarsa daga bakin wani.

Da suka fito ta tsaya ta dube shi. "Baban Auta, ruɗewa ce ta sa ka haka?"

Hanyar tsira ce ta buɗe masa, ya kuma sani. Amma ya gaji da ɓoyo. Kansa a ƙasa ya ce, "Ba ruɗewa ba ce, Mama. Haka nake tun ina yaro. In na rufe ido ba na ganin kowa. Ko ita, ko uwarta, ko tawa uwar."

Tsohuwa ta kau da kai ta shiga duban jama'a, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wata mai shara ce ta kawo Auta, ta tsince ta a ƙarƙashin matakala tana kallon tattabaru. Tun daga nesa ya gane 'yarsa, ya ruga ya durƙusa ya rungume ta har sai da ta ce yana matse ta.

"Ban yi kuka ba, Baba," ta ce tana alfahari. "Umma ta ce in na ji tsoro in rufe ido in gan ka. Na rufe, na gan ka har da gemunka. Kai ma ka gan ni?"

Ya ji idon surukarsa a ƙeyarsa. "Na gan ki mana," ya ce.

"To tsaya!" Ta zagaya bayansa da gudu ta rufe masa ido da tafukanta, suna ɗanƙon alewa. "Faɗi launin ribom ɗin da ke kaina!"

Yanzu-yanzun nan ya gama kallon kan nan, ya ma sumbace shi. Ribom kuwa ba ya cikin abin da lasifika ta faɗa. Ya yi tsuru a durƙushe cikin duhun da ya saba, yarinyar tana tsalle a bayansa tana cewa ya yi sauri, ya fara jin murnar tana raguwa a muryarta.

Sai ya ji surukarsa ta gyara murya ta ce, kamar mai mita, "Ke, tsaya wuri ɗaya mana, ga jan ƙyallen nan na kanki yana neman kwancewa."



"Ja ne," ya ce.

Auta ta saki ihu ta ɗane wuyansa, tana gaya wa duk mai wucewa babanta yana ganinta ko da idonsa a rufe. Ya miƙe da ita a kafaɗa ya ɗauki jakar, har suka fita daga tashar bai iya ɗaga ido ya dubi tsohuwar ba.