Bayan Mun Saka Goggo Griet a Kwantena

Ran Talata muka saka Goggo Griet a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Douala. Goggo Griet motarmu ce. Shekara biyu da rabi muna kwana a kanta, muna girki a bayanta, tun daga ƙofar gidanmu a Friesland, can ƙasar Turawa, har giyarta ta ce ta gaji. Mijina Folkert ya cire mata batir, ya shafa ƙeyarta, ya tsaya har aka danna kwaɗo. Ni a shekara talatin da huɗu na aurenmu ban tuna ranar da ya shafa tawa ƙeyar ba.

Aka ce sai ta yi sati shida a teku. Muka goya jakunkuna kamar 'yan makaranta, muka kama gado a wani masaukin matafiya, ɗaki ɗaya mu takwas, gadaje hawa biyu. Yaran da ke ɗakin duk sa'o'in jikokinmu ne, kuma babu mai wanke safa a cikinsu. Folkert ya hau sama, na kwanta ƙasa. Da gari ya waye ya fita zai duba man inji, ya tsaya a tsakar gida da tsumma a hannu, sannan ya dawo ya zauna.

A jakata akwai tikitin jirgin sama guda biyu daga Yaoundé. Nasa na Juma'a ne, nawa na Asabar. Daga filin jirgi gidan yayata Sjoukje zan wuce, ba zan koma gidansa ba. Kada a ce ɓoye masa na yi. Sau uku ina faɗa masa a cikin mota, yana tuƙi ina kujerar dama, cewa idan tafiyar nan ta ƙare auren ma ya ƙare. Sau uku yana cewa, "Mhm."

Mazan wajenmu dama magana tsada take musu, "mhm" kan ishi mutum daga safe har rana. Amma na Folkert ya wuce gona da iri. Hanya da hannu nake nuna masa. Ba ya tsayar da mota sai don mai ko ɗan sanda, fitsari ma sai na daki cinyarsa. Tun ina fushi da kunnen uwar shegun da yake min har na saba, na riƙa faɗin duk abin da ya zo bakina, ina zaginsa cikin kwanciyar hankali daga wannan iyaka zuwa waccan.

Ran Alhamis da safe muka shiga jirgin ƙasa zuwa Yaoundé. Lambar kujera ta ba shi taga ta hannun dama, ni na faɗa hagunsa. Sai na ji wani iri, don ko a tanti, ko a kan titi, damarsa ce wurina. Gabanmu wata mata ce mai jiki, Madam Ngo Bassong, da kwandon busasshen kifi tsakanin ƙafafunta, za ta kai wa 'yarta.

Jirgi ya tashi. Na dubi wuyan rigarsa, na ce yadda na saba, ƙasa-ƙasa, "Tsohon kawai. Ko riga bai iya sawa daidai ba, amma mota an shafa mata ƙeya."

"Ita ba ta zagina," in ji Folkert.

Na juya na dube shi. Yana kallon gonakin kwakwar manja. Na ce ko dacewa aka yi, bari in sake gwadawa.

"Kuma munsharinka ya hana yaran nan barci."

"Na Ba'amurken ɗakinmu ne. Ni ma ya hana ni."

Amsa biyu a cikin minti ɗaya. Rabon da in sami haka tun muna Sifen.

A Edéa jirgi ya tsaya, masu talla suka taso. Wata mai bobolo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, ta zuro kai ta taga, bakinta dab da kunnensa, tana ta kiran Papa ya saya. Folkert yana karanta taswirar hanyar da ba shi zai tuƙa ba, ko gezau. Madam Ngo Bassong ta kalle shi, ta kalle ni, ta sayi guda uku, ta miƙo min ɗaya.

"Mama, mijin nan naki da kunne ɗaya yake aiki," ta ce. "Haka kawuna yake. Matarsa in za ta roƙi abu ta bi ta hagu, in za ta zage shi ta bi ta dama. Shekara arba'in ba a ji kansu ba."

"Ƙarya ne," na ce. "Taurin kai ne kawai."

"To gwada mana. Ai ba kuɗi ake biya ba."

Na tashi, na ratsa gwiwoyinsa, na tura kaina tsakaninsa da taga. Na ce masa kwantenar Goggo Griet ta faɗa teku. Ya ɗaga kai ya yi min murmushi.

"Mhm," ya ce.

Na koma kujerata. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Tun yaushe, Folkert?"

Ya naɗe taswirar, ninki bayan ninki, sai da ya gama.

"Tun tayar da ta fashe ina ba ta iska, a Agadir."

"Agadir sati na biyar ne da fitowarmu."

"Na shida."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da kin ce a koma gida a ga likita. In mun koma kuma ba za mu sake fitowa ba. Ke kika yi shekara ashirin kina liƙa taswirar Afirka a kicin, Renske."

"Na hagun fa? Shi ma tayar ce?"

"Taga a buɗe, ga inji. Ina ganin bakinki yana motsi ta wutsiyar ido. In ya tsaya sai in ce mhm."

Madam Ngo Bassong ta warware ganyen bobolonta, ta gyara zama. Ba da harshenta muke magana ba, amma ba ta rasa komai ba.

"To me da me na yarda da shi?" ya tambaya.

Na ciro tikitin Asabar na ɗora masa a cinya. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa.

"Sau uku na ce zan bar ka. A Nouakchott, a garin Man, da hanyar Mamfe."

"A hanyar Mamfe ko na ji zan iya yarda," ya ce. "Taɓon nan ya kai ƙofa."

Bai yi dariya ba, ni ma haka. Ya mayar da tikitin cinyarsa. Sai ya juyo min da kunnen hagu gaba ɗaya, kamar mai miƙa kofi a zuba masa shayi.

"Faɗa yanzu. Ina ji."

Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ashe lokacin da ba mai jinta ne take da sauƙin faɗa. Abin da ya fito wani ne daban, wanda ya riga su duka, wanda daga shi ne na fara ƙullatarsa.

"Bayan mun wuce garin Dakhla," na ce, "ranar da teku take damarmu, rairayi yake hagu. Na ce maka ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ina sonka fiye da ranar da aka ɗaura mana aure. Ban taɓa faɗa maka haka ba, ko muna yara. Ka ce mhm, ka sa giya ta huɗu."

Folkert ya cire tabarau. Ya daɗe yana goge shi da tsumman inji da har yanzu yake aljihunsa. Jirgi ya shiga daji, ya fita.

"Da na ji," ya ce, "da na tsayar da mota."

Madam Ngo Bassong ta miƙa masa bobolo na uku. Ya karɓa ya riƙe, bai ci ba. Tikitin yana nan a cinyarsa, ban ɗauka ba, shi ma bai miƙo ba.

"Saura awa biyu mu isa Yaoundé," ya ce. "Bayan Dakhla sai me kika ce?"